Rigar da Aka Yafa wa Tawfiq

Ranar da na ji wai Samir, ɗan Alhaji Garuba Ɗanmaraya, zai rubuta littafin kammala digirinsa a kan abin da ke sa ma'aikaci ya manne wa wurin aikinsa, dariya kawai na yi. Yaron da tun da aka haife shi bai taɓa tashi da asuba don tsoron faɗan maigida ba, shi ne zai gaya wa duniya abin da ke zaunar da mutum a ƙarƙashin wani. Makarantar ma ta kuɗi ce, irin waɗanda suka cika Lome yanzu, kowace da allo mai ƙyalli a bakin titi. Ya duba gabas ya duba yamma, bai ga inda ya dace da bincikensa ba sai ofishin ubansa.

Ofishin na fitar da kaya ne daga tashar jirgin ruwa. Kwantena ta sauka, su bi takardunta a duwan, wato kwastan, su ɗora wa mota ta kama hanyar Yamai ko Wagadugu. Ƙanena Tawfiq can yake aiki. Ni kuwa sunana Asiyatu, atamfa nake sayarwa a kasuwar Hanoukopé, kuma an daɗe ana cewa bakina ya fi kayana kasuwa.

Tawfiq bai nemi aikin nan da takarda ba. Yana gama sakandare mahaifinmu, Malam Abdulrazak, Allah ya jiƙansa, ya kama hannunsa ya kai shi gaban Alhaji ya ce ga amana. Haka ake yi a unguwarmu ta Zongo. Kuma wanda aka kai da hannu ba ya fita da ƙafarsa. Wanda ya kai shi, ko wanda ya tsaya a madadinsa, shi zai koma da goro ya roƙi sallama, maigida ya sa albarka, sannan a rabu. In ka tsallake wannan ka tafi abinka, babu mai kai ka kotu. Butulu kawai za a kira ka, a riƙa nuna uwarka da baki a gidan suna da gidan biki har ta daina fita.

Shekara goma sha wani abu ya yi a wurin. Kullum ya hau zemijan, babur ɗin haya, daga gidansa a unguwar Agoè har bakin teku, ya dawo bayan magariba idanu jajur. Babu kwantiragi, babu katin fansho. In an yi masa haihuwa Alhaji ya aiko da rago, kuma sai ya tabbatar an biyo da ragon ta babban layi kowa ya gani. Da ya faɗi a babur ya karye a hannu, Alhaji ya zo dubiya da liman da mutum cike da mota, aka yi addu'a mai tsawo, mu kuma muka ji da kuɗin asibiti. Irin alherin Alhaji ke nan, ba ya yin sa sai da 'yan kallo.

Ana nan sai wani kamfanin jiragen ruwa ya nemi Tawfiq. Sun daɗe suna ganin aikinsa a tasha. Suka ce kwantiragi a rubuce, inshorar lafiya har da matarsa da 'ya'yansa, fansho, hutu. Suka ba shi wata Litinin da zai je ya sa hannu. Abin da ya rage kawai shi ne Baffa Iddi, ƙanen mahaifinmu, ya je ya karɓo masa sallama kafin ranar. Ni na sayi goron da kaina, mai kyau, fari, na kai wa Baffa har gida.

Cikin kwanakin ne Samir ya zo gidan mahaifiyarmu a Zongo, wata Lahadi da hantsi, don ya ji Tawfiq yana nan. Ya gaishe da Inna Ma'u a durƙushe, wannan kam an koya masa. Aka ba shi kujera a gindin mangwaro, ya ɗora waya a gwiwa, ya fara yi mana karatu ba wanda ya tambaye shi.

"Yaya Asiyatu, abin da ban sha'awa," in ji shi. "Da can masana sun ɗauka albashi ne kawai ke riƙe ma'aikaci. Daga baya suka ce a'a, wani don yana son wurin yake zama, wani don yana tsoron abin da zai rasa, wani don yana jin nauyi. Amma yanzu, *les recherches récentes*, duk sun koma kan *reconnaissance*. Wato mutum ya ji an san da shi, an yaba masa, ya ji wurin aiki kamar gidansu."

"To, madalla," na ce. "Sai da aka haɗa masana kafin a gano wannan?"

"Shekaru suka yi suna auna shi, Yaya. Da alƙaluma. Shi ya sa ofishin Baba ya zama *cas*, wato misali, mai kyau. Tun da na yi wayo ban ga wanda ya bar shi ba."

"Ka taɓa ganin akuyar da ke ɗaure ta bar gida?"

Ya yi dariya, har da cewa zai so ya rubuta wannan. Bai ji zafin maganar ba ko kaɗan. Abin da ya fi ba ni haushi da Samir ke nan, ba mugu ba ne. Da mugu ne da mutum ya san inda zai tare shi.

Ya juya wajen Tawfiq ya ce zai naɗi muryarsa, amma kada ya damu. "*C'est anonyme*, Yaya Tawfiq. Babu suna. Ko malamina ba zai san wanda ya yi magana ba. Ka faɗi gaskiyar zuciyarka."

Na harari Tawfiq, na girgiza masa kai a fili, ban ɓoye ba. Ya kawar da ido. Suka ja kujerunsu zuwa bayan ɗakin girki, ni kuma Inna ta kira ni in taya ta gyaran kifi. Da Samir ya tafi na tare ƙanena a zaure.

"Me ka gaya masa?"

"Abin da ya tambaya."

"Har da maganar kamfanin?"

Ya sosa ƙeya. "Yaya, tunda nake a ofishin nan ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce me kake so. Ya tambaye ni. Kuma ya rantse babu suna."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma ya fi. Mutumin da ke iya fitar da kwantena daga hannun 'yan duwan ba a cuce shi ba, ga shi ɗan maigidansa ya kwance shi da tambaya ɗaya mai laushi.

Baffa Iddi ya aika wa Alhaji cewa yana so ya zo gaisuwa ranar Juma'a bayan masallaci. Amsa ta dawo da sauri. Alhaji ya ce Baffa ai ba baƙo ba ne, amma Juma'ar nan yana da fita, ya bari sai Asabar, don dama ya shirya walimar godiya ga Allah a kan karatun Samir, in an watse sai su zauna su biyu a tsanake. Ba wanda ya taɓa jin labarin walimar nan kafin ranar. Na ce wa Baffa kada ya yarda, ya je ya tsaya a ƙofar masallaci ya tare shi.

"Ke Asiyatu, ba a yi wa manya haka," in ji Baffa. "Asabar da Juma'a duk kafin Litinin ne."

Asabar aka toshe layin gidan Alhaji da rumfunan tamfol. Kujerun roba har bakin kwata, lasifika biyu, shinkafa da naman sa, ga direbobin Nijar sun cika gefe guda da rawunansu. Baffa Iddi ya zo da goron a aljihun riga, ina ganin tudunsa daga inda mata suke. Yana isowa Alhaji ya taso da kansa ya tare shi, ya riƙe hannunsa ya kai shi kujera mai hannu tsakaninsa da liman. Baffa, wanda a taro yawanci layi na uku yake samu, sai ga shi yana gyara hula yana duban jama'a. Aka ajiye masa faranti shi kaɗai. Tun daga nan na san da wata a ƙasa.

Samir ya fara magana, rabi Faransanci rabi Hausa. Ya ce bincikensa ya nuna ofishin mahaifinsa iyali ne, kuma abin da duniya ke nema yanzu ke nan. Aka tafa, har da waɗanda ba su ji ko kalma ɗaya ba. Sannan Alhaji ya karɓi abin magana.

Alhaji Garuba bai yi boko ba, amma ya san Zongo kamar yadda na san atamfar da za ta zuba a wanki. Ya ce shi bai san abin da ke cikin littattafai ba, ɗansa ne ya tuna masa cewa ana yaba wa mutum tun yana da rai. Ya ce akwai wani bawan Allah, Malam Abdulrazak, da ya kawo masa yaro ya ce ga amana. Ya dakata, ya ciro hankici ya goge ido. Ya ce har yau in ya kwanta yana jin muryar malamin. Ya ce yaran zamani ana kiransu da takarda su gudu su bar wanda ya raine su, amma ɗan Malam Abdulrazak ba irinsu ba ne.

"Tawfiq, taso."

Ƙanena ya taso daga can baya inda yake raba ruwa. Ya zo ya durƙusa. Alhaji ya miƙe tsaye, ya cire babbar rigar da ke jikinsa, shadda fara mai aiki har ciki, ya rage daga shi sai 'yar ciki, a gaban liman da dattawa da baƙi. Ya yafa wa Tawfiq ita da hannunsa, ya gyara masa kafaɗa.

"Ku shaida," ya ce. "Daga yau wannan ba yarona ba ne, ɗana ne. Kada in ƙara jin ya ce mini Alhaji. Baba zai ce. Inda aka binne ni, shi zai fara zuba ƙasa."

Mata suka yi guɗa. Inna Ma'u na gefena tana kuka, kukan daɗi, tana cewa ina ma malam yana raye. Liman ya ɗaga hannu ya roƙi Allah kada ya raba uba da ɗa sai dai mutuwa, ya tsare su daga masu shiga tsakani. Layin gaba ɗaya ya ce amin. Ni ban ce ba. Ina kallon Tawfiq, rigar ta yi masa yawa, hannayenta na jan ƙasa, shi ma leɓensa na motsi.

Sai liman ya ce dangin yaro su ce wani abu. Baffa Iddi ya miƙe, maiƙo a yatsunsa. Na zuba masa ido, na ce ko Allah zai sa ya tuna abin da ya kawo shi. Ya tuna kuwa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro goron da na saya, ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu, ya ce wannan ɗan tukuici ne daga zuri'ar Malam Abdulrazak, ba su da bakin godiya.

Na tashi na bar wurin kafin in yi abin da za a daɗe ana ba da labari. A bayan rumfa na ci karo da Samir yana shan lemo, fuskarsa kamar an yi masa albishir.

"Yaya Asiyatu, kin gani? Abin da nake gaya miki ke nan. *Reconnaissance.*"

"Kai ka gaya wa ubanka Tawfiq zai tafi."

"Ni? *Jamais.* Ban faɗi sunan kowa ba. Wani babi na littafin kawai na karanta masa, don ya ga inda aikin ya kai. Kuma na ɓoye sunan, *Monsieur T.* na rubuta."

"Me ka ce a kan Monsieur T.?"

"Abin da ake bukata kawai. Cewa marigayi mahaifinsa ne ya kawo shi, yana zaune a Agoè, ya taɓa karyewa a hannu, kuma yana da niyyar barin aiki." Ya ɗan tsaya, kamar wani abu zai shiga kansa, sai abin ya fasa. "Amma ai kin ga sakamakon. Baba bai yi fushi ba. Ya tambaye ni me masana suka ce a yi, na gaya masa. Yau Yaya Tawfiq ya fi kowa daraja a Zongo."

"An ba shi kwantiragi?"

"Yaya, ɗa ba ya bukatar kwantiragi a gidan ubansa."

Na dube shi daga hula har takalmi. Mutumin da ya yi maka ɓarna yana jiran ka gode masa, zagi ma asara ne a kansa. Na ce masa Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, ya ce amin da zuciya ɗaya.

Lahadi gidan Inna bai huta ba. Maƙwabta na shigowa barka, an rataye rigar a ƙofar ɗaki kowa na shafawa yana yaba aikin. Wata tsohuwa ta ce ita tun da take ba ta ga an yi wa yaron gida haka ba. Na ja Tawfiq zuwa bayan ɗakin girki.

"Gobe Litinin," na ce. "Ka je ka sa hannu."

"Da wace fuskar?"

"Da wadda kake zuwa tasha da ita. Riga ce, Tawfiq. Yadi ne da zare. Ni nake sayar da irinsu, na san abin da suke. In ka sake faɗuwa a babur, ita za ka kai asibiti?"

"Yaya, liman ya yi addu'a. Kowa ya ce amin. Baffa ya yi godiya da sunanmu duka. Wa zai koma ya roƙi sallama yanzu? In na tafi haka, ba yaron da ya bar maigida ba ne, ɗa ne da ya tsallake uba kwana biyu da yafa masa riga." Ya nuna tsakar gida da haɓa, inda Inna ke dariya cikin mata. "Dube ta. Rabon da in ga ta yi haka tun mahaifinmu na da rai. Ke za ki gaya mata?"

"Ni zan gaya mata. In ya so a zage mu wata guda, a gaji."

"Ke a Hanoukopé kike wuni. Ita a nan take."

Maganar ta ƙara mini haushi. Na ce masa Alhaji ya saye shi a bainar jama'a da tsohuwar riga, shi kuma ya tsaya an gyara masa kafaɗa. Bai musa ba. Na so ya musa, ko ya yi mini tsawa, in san akwai sauran wani abu a cikinsa.

Litinin da safe ina buɗe rumfa sai ga shi ya sauka daga zemijan. Ya yi shiga mai kyau, farar taguwa da baƙin wando, takardunsa a hannu cikin jaka. Zuciyata ta yi sanyi, na ce ashe ya yi tunani. Ya zauna a kan bencina, ya daɗe yana jujjuya waya, sannan ya miƙo mini ita.

"Yaya, ki kira mutanen kamfanin. Ki ce ke yayata ce, wani uzuri ya taso a gida."

"Shigar nan fa?"

"Na fito da niyyar zuwa. Har mun kusa, na ce wa mai babur ya juyo."

Na mayar masa da wayar a tafin hannunsa. "An kai ka da bakin wani, an karɓe ka da bakin wani, an yi godiya da bakin wani. Wannan kam da naka za ka yi."

Ya tashi ya koma tsakanin atamfofin da ke rataye, ya juya mini baya. Na ji shi da Faransancinsa mai kyau, wanda ya fi na Samir nesa ba kusa ba, yana gode musu, yana ba su haƙuri, yana cewa dalilai ne na iyali. Matar da ke ɗaya gefen ta tambaye shi ko yana so a ƙara masa lokaci ya yi shawara. Na ji da kunnena, don wayar na da ƙara. Na matsa kusa har ina taɓa kafaɗarsa. Ya ce a'a, ya gode.

Bai gama sauke wayar daga kunne ba ta sake ƙara. Ya duba, ya ɗauka da sauri. Muryar Alhaji ce, babu hankici babu liman, tana tambaya yana ina rana ta yi haka, ga mota uku na jira a tasha tun safe, ko walimar ce ta hau masa kai.

Ƙanena, uban 'ya'ya, ya rusuna a tsakiyar kasuwa, gwiwarsa har tana taɓa ƙasa, a gaban mutumin da ba ya ma ganinsa.

"Ka yi haƙuri, Baba," ya ce. "Ga ni nan tafe."

Ya bar jakar takardun a kan bencina, ya fita titi yana ɗaga wa zemijan hannu.